Jirgin Wasa, Ilimin Gaske

Duk wanda ya ce zai yi wa Katsinawa maganar ƙera jirgin ruwa, to ya shirya wa dariya. Tsakaninmu da teku tafiyar fiye da kilomita dubu ce, kogunanmu kuwa na damina ne, da zarar kaka ta ba da baya sai su koma rairayi. Idan kuma aka ƙara da cewa jirgin ma ɗan ƙarami ne wanda bai wuce kamu biyu ba, ana tsaye a bakin ruwa ana juya shi da rimot, sai a ce malam ya rasa abin rubutawa a wannan makon. A yi dariyar, ba laifi. Amma ina roƙon mai karatu ya ara mini hankalinsa zuwa ƙarshen shafi, domin ra'ayina shi ne wannan ɗan abin wasa yana koyar da wani ilimi da rashinsa ke cin rayukan 'ya'yanmu, kuma kusan duk kayan haɗa shi suna nan zube a Babbar Kasuwa da shagunan da ke kewaye da ita.

A ƙasashen Turai da Amurka da gabashin Asiya, ƙera ƙananan jiragen ruwa masu karɓar umarni daga nesa tsohuwar sha'awa ce mai ƙungiyoyi da gasa. Dattijon da ya yi ritaya da jikansa ɗan firamare sukan shafe watanni suna sassaƙa da liƙi, ranar hutu su je tafki su gwada. Asalin abin kuwa ba daga wajen yara ya fito ba. A shekarar 1898 masanin lantarki Nikola Tesla ya tara jama'a a zauren Madison Square Garden na birnin New York, ya sanya wani ɗan jirgi a cikin ruwa, ya riƙa juya shi dama da hagu yana kunna fitilunsa, ba tare da waya ko ɗaya ta haɗa shi da akwatin da ke hannunsa ba. An ruwaito cewa wasu 'yan kallo sun ɗauka sihiri ne, wasu kuma suka ce biri ya horar ya ɓoye a ciki. Daga wannan ɗan jirgi ne zuriyar rimot ta faro, har zuwa jirage marasa matuƙa da muke jin labarinsu yau a sama da kan teku.

Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan ɗabi'a. Duk wanda ya haura shekara arba'in a ƙasar Hausa ya san motar kara, ya san yadda ake feƙe ɓawon karan dawa a soke shi cikin totuwa har a tayar da babbar mota mai ƙofa da taya. Ya san motar gwangwani da ta langalanga, da tayar da ake yankowa daga tsohon silifas. Babu malamin da ya koya mana, daga hannun yaya ake ɗauka zuwa hannun ƙane. Abin da ya faru shi ne kayan wasan roba masu arha sun cika kasuwa, wayar hannu ta zo ta kwashe sauran lokacin, sai yaro ya tashi daga mai ƙerawa ya koma mai saye. Hannun da ba ya aiki kuwa yakan manta, kuma idan hannu ya manta, ƙwaƙwalwa ba ta daɗewa ita ma.

Bari mu shiga kasuwa mu ga abin da ake bukata. Farko gangar jirgin. Wanda ke son sauƙi sai ya nemi farin soson nan da ake lulluɓe firiji da talabijin a cikin kwali, wanda masu shaguna ke zubarwa, ya sassaƙe shi da reza. Wanda ke son ƙarko ya sayi bututun roba na famfo, ya yanka gida biyu daidai, ya toshe bakunansu, ya haɗa su da falle ɗaya na katako a sama; irin wannan jirgi mai ganga biyu yana da wuyar kifewa, shi ya sa ya fi dacewa da ɗan koyo. Wanda ya fi ƙwazo ya zana siffar da yake so a takarda, ya kai wa masu ƙirar gwangwani, waɗanda kullum suke naɗe fallen ƙarfe su liƙe da dalma su fitar da mazurari da bokiti. Har doguwar gora ma, idan aka tsaga ta a tsaye, ganga ce da Allah Ya riga Ya sassaƙa; masuntan Argungu sun daɗe da sanin cewa gora tana ɗaukar ƙato a kan ruwa.

Sai abin da zai tura shi. Ɗan injin lantarki yana cikin kusan kowane mataccen kaya da ke jibge a teburin mai gyaran rediyo: tsohuwar na'urar faifan bidiyo, fankar caji da ta daina aiki, injin buga takarda na ofis. Farfela kuwa daga murfin gwangwanin madara ake yanko ta, a murɗa kunnuwanta kaɗan duka gefe guda. Wayar ƙafar keke ta isa sandar da za ta haɗa inji da farfela. Wurin da wannan sanda ke huda gangar jirgi shi ne inda ruwa ke shigowa, don haka ake zura ta cikin siririn bututu, kamar guntun eriyar tsohuwar rediyo, a cika shi da giris, a kuma karkata shi yadda bakinsa na ciki zai fi saman ruwa tsawo. Yaron da ya warware wannan matsala guda ya fahimci abin da injiniyoyin manyan jirage ke fama da shi.

Saura rimot. Motar wasa ta yara da tayarta ta karye, wadda ake jefarwa bayan Sallah da mako biyu, tana ɗauke da duk abin da ake nema. A cikinta akwai ɗan allo mai karɓar saƙo, da wayoyi biyu masu zuwa injin gaba da baya, da wasu biyu masu zuwa injin sitiyari. Na farkon sai a haɗa su da farfela, na biyun a haɗa su da wani ɗan falle a bayan jirgi wanda ke karkata ruwa dama ko hagu. Tsofaffin motocin wasa da yawa suna aiki a kan zangon megahaz 27, shi ya sa idan biyu suka haɗu wuri guda sai rimot ɗin wannan ya riƙa tuƙa motar wancan. Na zamani suna kan gigahaz 2.4, kowane rimot da abokinsa, sai dai ruwa yana shanye irin wannan saƙo, dole eriya ta tsaya a sama. Ga darasin kimiyyar sadarwa ya shigo ba tare da an buɗe littafi ba.

Amma babban darasin yana zuwa ne ranar da aka sa jirgi a ruwa. Fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, Arkimidis, masanin Girkawa, ya gano cewa abu yana tsayawa a kan ruwa ne idan ruwan da ya ture ya kai nauyinsa. Lita guda ta ruwa kilo guda ce. Ke nan jirgi mai nauyin kilo biyu zai yi ta nutsewa har sai ya ture lita biyu, sannan ya tsaya. Idan gangarsa ba ta da zurfin da za ta ture lita biyu kafin ruwa ya kai baki, to ƙasa za shi, ko da wane irin fenti aka yi masa. Ɗalibanmu sun haddace wannan doka tun ƙaramar sakandare. Na sha tambayar waɗanda suka zo jami'a dalilin da ya sa allura ke nutsewa amma tasar ƙarfe ba ta nutsewa, su karanto mini dokar tiryan-tiryan, sannan su kasa haɗa ta da tasar. Wanda ya taɓa ganin jirginsa na wata guda ya shige ƙasan baho ba zai sake rabuwa da wannan amsa ba.

Darasi na biyu ya fi na farko muhimmanci, shi ne inda aka ajiye nauyi. Ɗora batir a saman jirgi, da an juya shi sai ya kife. Sauko da batir ɗin can ƙasan ganga, ka ga ko an tura shi da yatsa yana komowa ya miƙe. Nauyi ɗaya ne, mazauni ne ya bambanta. Darasi na uku kuwa, zuba rabin kofin ruwa a cikin gangar ka bar shi yana yawo. Da jirgi ya ɗan karkata sai ruwan ya ruga gefen da ya yi ƙasa ya ƙara danne shi. Ruwan da bai kai ya nutsar da jirgi ba yana iya kifar da shi. Sarakuna ma sun sha kunya a kan waɗannan darussa. A watan Agustan 1628 jirgin yaƙin Sarkin Suwidin mai suna Vasa, wanda aka cika samansa da igogi da ado, ya kife a tashar Stockholm a fitarsa ta farko, bai yi tafiyar kilomita biyu ba. Kafin ranar an sa mutum talatin su riƙa gudu daga gefe zuwa gefe don a gwada shi, aka dakatar da su bayan zagaye uku don tsoron kada ya kife a nan take, amma ba a sami mai iya hana shi fita ba.

Yanzu mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu? Ruwanmu na nan a madatsunmu. A ranar 30 ga Nuwamba 2021 kwalekwale ya kife a madatsar Watari da ke ƙaramar hukumar Bagwai ta Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, galibinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. Watanni shida kafin nan, a watan Mayun wannan shekarar, wani jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse a Kogin Kwara kusa da Warra ta Jihar Kebbi, ƙalilan ne suka tsira. A watan Mayun 2022 kuma abin ya shigo har gida, lokacin da kwalekwale ya kife da yara masu yawon Sallah a ƙaramar hukumar Mai'aduwa. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Jihar da ke da madatsun Zobe da Jibiya da Ajiwa da Sabke da Mairuwa ba za ta ce ba ta da haɗi da jirgi ba. A kusan kowane rahoto na irin wannan hatsari, daga Sakkwato har Neja, kalma guda ce ke maimaituwa: lodi ya yi yawa.

Ban ce jahilci kaɗai ke kifar da kwalekwale ba. Akwai talauci da ke sa mai fito ya ƙara mutum biyar don ya fitar da kuɗin mai. Akwai rashin gada, da tsufan katako, da kututturan da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, da tafiyar dare, da rashin rigar kariya. Akwai aikin da ya rataya a wuyan Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, da na gwamnatocin jihohi. Sarkawa da sauran masu fito na gado kuma sun san ruwa fiye da ni nesa ba kusa ba. Amma fasinja fa? Malamin da ya jera ɗalibai a jirgi, da mahaifin da ya miƙa ɗansa, da matashin da ya miƙe tsaye a tsakiyar ruwa don ɗaukar hoto, da jama'ar da ke rugawa gefe guda da zarar jirgi ya girgiza, su waye suka taɓa nuna musu da ido abin da ke shirin faruwa?

A nan ne ɗan jirginmu ke zama malami. Ɗauki kwalekwale mai tsawon mita 10, ka ƙera samfurinsa mai mita guda, ka rage faɗi da zurfi su ma kashi goma. Lissafi ya nuna cewa nauyi zai ragu sau dubu, wato goma sau goma sau goma. Ke nan mutum mai kilo 60 zai zama tsakuwa mai giram 60, buhun masara mai kilo 100 ya zama giram 100, ledar ruwan sha guda kuwa, mai rabin kilo, ta tsaya a madadin manya takwas. Tara yara a bakin baho, ka ba kowa tsakuwarsa ya sa. Su ga yadda bakin jirgi ke matsowa kusa da ruwa da kowace tsakuwa. Su ga yadda jirgin da ya cika maƙil yake tsayawa lafiya lau muddin ruwa na kwance, har sai an kaɗa shi da tafin hannu sau ɗaya. Su tura tsakuwoyin gefe guda su gani. Yarinyar da ta ga wannan tana da shekara goma, idan ta zama uwa ba za a lallashe ta da cewa saura wurin mutum ɗaya ba.

Wannan kuwa ba dabarata ba ce, hanyar da manyan injiniyoyi suka bi ke nan. A Ingila, William Froude ya shawo kan hukumar sojan ruwa ta ba shi kuɗi ya gina doguwar kwatarniyar gwaji kusa da garin Torquay a farkon shekarun 1870, inda ya riƙa jan ƙananan samfura yana auna yadda ruwa ke tirje musu. Ya gano ƙa'idar da ke fassara halin ƙaramin jirgi zuwa na babba, kuma har gobe ana amfani da ita kafin a kashe dukiya wajen gina babban jirgi. A wannan zamanin ne kuma ɗan majalisa Samuel Plimsoll ya tayar da ƙura a kan attajiran da ke cika jirage da kaya su tura matuƙa ga halaka, har aka yi dokar 1876 da ta wajabta zana layi a jikin jirgi, wanda idan ruwa ya rufe shi lodi ya wuce ƙa'ida. Layin fenti ne kawai, amma ya ceci rayukan da ba su ƙirguwa. Me zai hana kowane kwalekwalen fito a madatsunmu ya sami irin wannan layi, wanda ko tsohuwa daga bakin gaɓa za ta iya dubawa ta ce a'a?

Na san abin da wasu iyaye za su ce: yaro na fuskantar jarrabawa, ina shi ina wasan gwangwani? Wasu kuma za su ce ana fama da abin sawa a baki. Ga masu magana ta farko, yaron da ya auna ƙarfin batir, ya lissafa nauyi, ya zana siffa da ma'auni, ya riga ya yi bitar rabin manhajar kimiyya da hannunsa. Ga masu ta biyu, galibin kayan daga bola suke, kuma wanda ya iya riƙe ƙarfen liƙa dalma yana da shekara goma sha biyu ya kama hanyar gyaran waya da haɗa wutar sola. Akwai kuma wata tarbiyya da ba ta cikin manhaja. Jirgi ba ya karɓar uzuri, ba ya sanin ɗan wane, ba a yi masa satar amsa. Idan liƙi bai yi ba ruwa zai shiga, sai a kwance a sake. Yaron da ya saba da wannan alƙali ya koyi haƙuri da gaskiya a wuri guda.

Matsalarmu ba rashin masu basira ba ce. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyya a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu daga tarkacen motoci da babura. Tun daga lokacin kusan kowace shekara sai an nuno wani matashi a Facebook ya ƙera mota ko jirgi, a yi ta yabo kwana uku, wani babba ya ɗauki hoto da shi, shi ke nan. Mun ɗauki ƙira tamkar baiwar da ke faɗo wa mutum ɗaya cikin dubu, alhali a ƙasashen da suka ci gaba al'ada ce ta dubban yara masu matsakaiciyar basira, waɗanda ke haɗuwa kowane mako a ƙarƙashin wani babba. Daga cikin dubun ne ake samun ɗayan, kuma idan ya fito yakan tarar da masu fahimtar aikinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wajibi ne in yi gargaɗi biyu. Na farko batir. Ƙwayoyin da ake cirowa daga tsohuwar kwamfutar hannu, masu bolt 3.7 kowace, suna da ƙarfi kuma suna da fushi. Kada a huda su, kada a yi cajin wadda ta kumbura, kada a haɗa su da caja kai tsaye ba tare da ɗan allon kariya da masu gyaran waya ke sayarwa ba, kada kuma a bar su a kan wuta a tafi barci. Birnin da ya ga gobarar Babbar Kasuwa ta watan Maris 2021 ba ya bukatar dogon wa'azi a kan wuta. Na biyu ruwan kansa. Kududdufan unguwanni suna cin yara duk damina, ga kuma tsargiya. A fara gwaji a baho ko kwatarniyar masu bulo. Idan za a je babban ruwa, a je da babba, a ɗaura wa jirgi dogon zare, kuma a kafa doka tun daga gida cewa jirgin da ya maƙale a tsakiya ba a bin sa da iyo. Jirgi ana sake wani.

Abin da nake nema kaɗan ne. Malamin kimiyya guda a kowace sakandare ya ware yammacin rana guda a mako, ya gayyato mai gyaran rediyo ko maƙerin gwangwani daga kasuwa ya zauna da ɗalibai, maza da mata, a girmama shi a matsayin malami, domin a wannan fage shi ne farfesa. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma su ɗauki makarantun da ke kusa da su su riƙa leƙawa. 'Yan kasuwa kuma, maimakon zubar da farin soso da matattun motocin wasa, su tara a buhu su aika makarantar unguwa. Idan abin ya kama ƙasa, a shirya gasa sau ɗaya a shekara bayan damina, kyautar farko kuma kada a ba jirgin da ya fi gudu. A ba wanda mai shi ya faɗi adadin tsakuwar da zai ɗauka tun kafin a sa shi a ruwa, aka gwada aka tarar haka ne. Daga nan sai a ɗauki waɗanda suka yi nasara, da gwangwanin fenti a hannunsu, a kai su gaisuwa wajen masu fito na Zobe da Sabke, su zauna tare su auna inda layi ya kamata ya tsaya.

Hutun makaranta na tafe. Kafin ka saya wa ɗanka wata motar roba da za ta mutu cikin mako biyu, tambaye shi ina gawar ta bara. Ku ɗauko ta, ku kwance ta tare, ku ga abin da ke ciki. Allah Ya kiyaye mana zuriya a tudu da ruwa.